Ruwan Kumfa a Gonar Nolfa

Shekara talatin da ɗaya kakata Nolfa ta yi
tana wanke wa masunta rauni a asibitin Quemchi.
Ƙugiya a yatsa, wuƙa a tafin hannu,
ta tsiyaya haidirojin, ciwo ya tashi da kumfa fari fat,
ƙato ya ciji leɓe, ta ce masa, saura kaɗan.

Da ta ajiye aiki ta dawo gona da kwalbarta,
kwalba mai duhu, don ruwan ba ya shiri da haske.
A tsibirinmu na Chiloé ruwan sama ɗan gida ne,
ba ya sallama, ba ya sallamar kowa.
Dankalin da Turawa suka ara har ya ɗauki sunansu
a nan kakanninmu suka san shi tun yana yaro:
mai shunayya, mai ja, mai kama da yatsun tsohuwa.

Watan Janairu, bayan kwana shida ana yayyafi,
na ga tabo a gefen ganye,
launin ƙasa, kamar an ɗana masa sigari,
ƙarƙashinsa wani farin gashi mai laushi.
Kaka ta juya ganyen yadda take juya hannun majinyaci.
Ba ta ce komai ba. Ta aike ni in kawo bokiti.

Ranar farko hannunta ya yi nauyi,
ta zuba da yawa, ta fesa da rana tsaka.
Kashegari kunya uku sun babbake,
ganye ya nannaɗe, ya yi fari kamar takarda.
Eliodoro maƙwabcinmu ya jingina da shinge,
wandonsa shuɗi da maganin tagulla,
ya ce, Nolfa, cuta ba ta ci ba, likita ta ci.
Ta ce, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.
Daren nan ba ta taɓa miyarta ba.

Daga nan ta koma awo da cokali,
ɗan kaɗan cikin ruwa mai yawa,
sai rana ta faɗa teku muke fita,
ni da tanki a baya, ita tana ɗaga ganye da sanda.
Na kasa kunne ko zan ji kumfar tana magana.
Babu. Sai kukan tsuntsayen gaɓa.

Ta ce mini, wannan ruwan ba ya kwana.
Abin da ya tarar a waje shi yake kashewa,
sannan ya koma ruwa da iska, ya tafi abinsa.
Wanda ya riga ya shige jijiyar ganye
ya fi ƙarfinsa. Haka ma a asibiti.
Sai muka tsinke masu tabo, muka ƙone su a bayan rumbu.

Ruwa ya sake sauka. Muka sake fesawa.
Ya sake sauka.

Ranar tono buhu tara muka ɗaure,
bara sha huɗu ne.
Eliodoro ya sami sha biyu, bai yi gori ba,
ya zo da shanunsa ya ja mana kaya.
Kunyoyin nan uku da ta ƙona
sun sake tohowa, sun ba da 'yan ƙanana kamar ƙwan kurciya.
Su ta dafa da daddare,
ta ɓare ɗaya da zafinsa, ta miƙo mini rabi,
cikinsa shunayya har tsakiya.