An Hana Ni Shiga Kicin

Likita ya ce sukari ya hau,
ya ce, "Iya, sai kin riƙa motsa jiki."
Na ce, "Ɗana, shekara talatin da bakwai
ina tuƙa tuwon sayarwa a Zango,
wane motsi ne ya rage ban yi ba?"
Ya yi dariya, bai janye maganarsa ba.

Ran Lahadi jikata Cima ta ja ni
bayan lakwal ɗinsu a Garin Malam,
inda siminti ya tsattsage kamar faso.
Ta ja layuka da farar ƙasa,
ta ɗaure raga daga dalbejiya zuwa turke,
gajeriya, iyakarta ƙuguna.
Ta miƙo mini abin bugu kamar maficin hura wuta
da ƙwallon roba duk huji
kamar gindin madambaci.
"Sunansa pikilbol, Kaka."
Na ce sunan ya fi ƙwallon nauyi.

"Daga ƙasa za ki bugo, ƙasan ƙugu,
kamar mai watsa wa kaji tsaba,
kuma a karkace, kusurwa zuwa kusurwa."
Hannun da ya saba da muciya bai san wasa ba.
Na zabga.
Ƙwallo ta haye katanga,
ta sauka cikin jarkokin Zabairu mai garuwa,
shi da ya kwana a layin famfo.
Ya dawo da ita jiƙe, yana tambaya
ko Barira ce aka mayar makaranta.

Doka ta biyu ta fi kwanta mini:
ta dira sau ɗaya can, sau ɗaya nan,
kafin wani ya tare ta a sama.
Ai wannan gaisuwa ce,
sallama, amsawa, sannan abin da ya kawo ka.

Sai ta nuna wani fili gab da raga,
taku uku nawa, in ban yi rowa ba.
"Nan ne kicin. Ba a tsayawa ciki
a tare ƙwallo tana sama.
Sai ta faɗi a ciki ki shiga,
ki ɗago ta, ki fito."
Na ce maimaita.
Ta maimaita.
Dariya ta zaunar da ni a kan siminti.
Ni da hayaƙin ƙirare ya rina wa ido,
ni da ko ran da zazzaɓi ya kayar da ni
ba wanda ya ce bar tukunya,
yau yarinyar da na yaye da kokon hannuna
ta ja mini layi a bakin kicin.

Sau shida ƙafata ta ci amanata,
da kanta take shiga, ta san hanya.
A na bakwai na dafe ta da yatsa a bayan layi,
ƙwallo ta zo a sanyaye,
na tuna yadda ake sakin ƙosai cikin mai
don kada ya fantsamo wa mai goyo.
Haka na sake ta.
Ta shafi raga, ta sulale,
Cima ta miƙa hannu, ta makara.

Sha ɗaya ake ci, da ratar biyu,
kuma sai mai fara bugu ke samun maki.
Ta yi sha ɗaya. Ni biyu.
Ɗaya iska ce ta ba ni, ba zan ɓoye ba.
Ɗayan nawa ne, halak malak.

Muka dawo rana na jingine da duwatsun Birni,
gwiwoyina suna ƙara kamar tsohon kyaure.
A gida surukata na kaɗa miyar kuka,
na ga gishirin ya yi kaɗan tun daga nesa.
Na zo bakin madafa, na tsaya,
yatsana a bayan dokin ƙofa.
Ta ce, "Shigo mana, Iya."
Na ce, "Sai in wani abu ya faɗi."