Dakalin Dada

Daminar bara ce ta koya min lissafi,
ranar da ruwa ya taho ta bayan kasuwar Bajoga,
ya ɗauke tabarmar Dada da butarta,
ya bar mata takalmi ƙafa ɗaya a bakin zaure.
Na ce in Allah Ya kai mu rani
sai na ɗaga ƙasar nan ta fi ƙarfin ruwa.

Da tsinken dalbejiya na zana shi a ƙasa,
taku bakwai daga katanga zuwa gindin lemo,
taku huɗu zuwa inda inuwa ke kaiwa da la'asar.
Gidado magini ya zo da igiya da turaku,
ya dubi zanena, ya yi murmushi, ya share da ƙafa.
"Malam, alli daban, cokalin gini daban.
Ka auna inuwa, ka manta da ruwa.
In ba ka ba shi hanya ba, ta ɗakinka zai nema."

Sai muka karkata shi, kaurin yatsa biyu,
gangara wajen kwata.
Tsayi kuwa Dada muka kira,
ta tsaya dafe da sandarta,
Gidado ya sa alamar gawayi daidai gwiwarta.

Buhu tara na rubuta a bayan takardar jarrabawa.
Kafin albashi ya shigo, tara ta koma shida,
ga Ashaka a maƙwabta, motocinta na wuce mu kullum,
amma zama kusa da rijiya bai sa guga araha ba.
Yashin Gongola ya iso a amalanken shanu,
da katantanwa a ciki, da sauran sanyin kogi.

Tushe ya zauna, bulo ya hau layi uku,
sai ciki ya buɗe baki yana neman ciko.
Tifar ƙasa ta fi ƙarfin aljihuna.
Na waiwaya na dubi kangon ɗakin Baba,
shekara biyar ke nan da rufinsa ya zube,
ba wanda ya iya ɗaga masa diga.
Dada ce ta ce, "Ku kwaso.
Da ma can shi mai son zaman waje ne."

Baro arba'in da ɗaya. Ni na ƙirga.
A ciki muka tsinci murfin rediyonsa
da ƙusar da yake rataye hula.
Murfin na bar shi ya bi ciko,
ƙusar tana aljihuna.
Muka yayyafa ruwa, muka daɓe,
yaran unguwa suka tattake har da tsalle,
ladansu rake da ruwan randa.

Ran Alhamis aka zuba siminti.
Gidado ya shafe shi sumul kamar goshin jariri,
ya kewaye da ƙaya, ya ce ko kaza kada ta gifta.
Da asuba na fito da bokiti
na tarar akuyar Goggo Daso ta riga ni sa hannu,
sawu goma sha ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa.
Na juya da magana cike da baki,
Dada ta ce, "Dawo. Ita ma 'yar unguwa ce."

Kwana bakwai ina ba shi ruwa safe da yamma
kamar mai renon dashe.
Ran na takwas aka shimfiɗa sabuwar tabarma.
Ta zo, ta dafa, ta zauna ba ko wash,
ta miƙe ƙafa, ta shafa gefen da tafin hannu,
ta daɗe shiru.
Can ta ce, "Da ɗumi."
Na ce rana ce.
Ta dube ni, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Jiya aka yi ruwan fari.
Ya taho da fushinsa na bara, ya daki bulo, ya kauce,
ya bi gangarar Gidado sumui-sumui ya faɗa kwata.
Abin da ya saura a sama
na cikin sawun akuya ne,
kurciyoyi biyu sun sauko suna sha.