Shafin Fari

Aulis ya bar mini sojoji arba'in da uku
a cikin kwalin takalmi,
ba wanda ya kai tsawon babban yatsana.
Sha ɗaya ya gama fente su.
Sauran na nan yadda aka zubo su,
ruwan toka, kamar sararin Tampere
da ƙarfe uku na yammar Janairu.

Wata takwas ban ɗaga murfin ba.

Shagon yana ƙarƙashin ƙasa, matakala tara,
warin gam da jiƙaƙƙen ulu.
Na ce a ba ni ja, da shuɗi, da ruwan zinariya.
Eljas ya tura gilashinsa goshi.
"Tukuna. Me za ki shimfiɗa musu?
Roba ba ta riƙon amana.
Fenti a kanta baƙon dare ɗaya ne,
farce ma ya isa ya sallame shi.
Sai an yi shafin fari,
kuma shafin fari ba lallai fari ba ne."

Ya jera gwangwani uku a kan kanta.

"Baƙi mai rufin asiri ne.
Duk lungun da buroshi ya kasa kaiwa,
hammata, ƙasan haɓa, bayan garkuwa,
sai ya zama inuwa, a ce da gangan kika yi.
Amma fa yana shanye rawaya,
sai kin biya shi sau uku.
Fari kuwa, ja a kansa kamar garwashi,
sai dai bakinsa ba ya shiru:
ɗigon da kika tsallake
shi zai fara nuna wa mutane.
Na tsakiyan nan ba ya faɗa da kowa."

Na ce, "Yayana, wanne yake saye?"

"Aulis? Da can fari.
Shekara biyun ƙarshe ya koma baƙi,
tun da hannunsa ya soma rawa."

Ban san hannunsa na rawa ba.
Duk Lahadi muna shan kofi tare.
Ashe shi ya sa yake riƙe kofin da hannu biyu,
ni kuwa na ɗauka sanyi ne.

Eljas ya ba ni lokaci.
Ya gyara abin da bai karkace ba a kan kanta,
sannan ya ce, "Kada ki fesa a baranda.
A wannan sanyin fenti kan mutu a iska
kafin ya sauka, ya zubo kamar tsaki,
fuskokinsu su koma ɓawon lemu.
Ko ki jira Mayu,
ko ki ɗauki na kwalba, ki bi su da buroshi.
Ki fara yi musu wanka da sabulu.
Kuma siriri, siriri.
Shafi mai kauri yana binne ido."

Ba zan iya jiran Mayu ba.

Da dare na tara ruwan ɗumi a kwanon kicin,
na wanke talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya
da tsohon buroshin haƙori,
na shanya su a kan jarida.
Na ɗauko ɗaya daga cikin nasa, mai busa ƙaho,
na juya shi ƙarƙashin fitila.
Ga shi nan, tsakanin hannu da ƙirji,
wurin da bai kai ba,
baƙi, lafiya lau, kamar inuwa.

Ruwan toka na sayo.
Hannuna bai soma ba tukuna.
Idan an jera su a tebur
nawa za su ɗan fi nasa haske,
mai lura zai gane inda ya tsaya.
A bar shi ya gane.

Kwalbar baƙin ma na saya, ƙarama.
Tana can bayan gwangwanin sukari.

Na tsoma bakin buroshi, na share rabi a jarida,
na fara da mai riƙe da tuta,
daga kwalkwali zuwa ƙasa,
ina kewaye idanunsa a hankali.