Jan Layi a Kan Zaure

Ni aka miƙa wa littafi, aka ce in rubuta abin da taro ya faɗa.
Aka shimfiɗa taswirar Tawa a kan tabarma,
aka danne kusurwoyinta da takalmi biyu, da buta, da dutse,
don iska ba ta san girman takarda ba.

Tsahara, ma'aikaciyar ofishin magajin gari,
ta ɗora yatsa a kan wani jan layi:
"Nan hanya za ta bi, daga tasha zuwa kasuwa,
da magudanar ruwa, da rumfuna arba'in,
da fitilu masu shan rana su ba dare."
Na leƙa inda layin ya ratsa.
Ƙarƙashin farcenta, zauren da muke zaune ciki ne.

Alhaji Nomau, da ya ci shekara ashirin a Abijan,
ya ce siminti ba ya roƙon yaɓe kowace bazara.
Habsu mai ƙosai ta ce ita dai a kau da ruwa,
bara har ƙarƙashin kaskonta ya kwana.
'Yan kabu-kabu suka ce a rushe.
Na rubuta: a rushe, mutum goma sha ɗaya.

Arzika magini bai tanka ba.
Ya miƙe da ƙyar, ya kai tafin hannu ga bango
kamar mai taɓa goshin yaro da tsakar dare.
Ya ƙwanƙwasa nan, ya saurara.
Ya ƙwanƙwasa can, ya daɗe.
"Wannan gefen lafiyarsa lau.
Wancan ba tsufa ba ne, sakaci ne:
damina uku ke nan da karyewar indararo,
ba wanda ya hau."

Sai ya ɗaga sanda zuwa bakan gizo,
inda azarar giginya ta rungumi 'yar'uwarta
tun kafin a haifi uban kowa a cikinmu.
"Tubali kamar ƙwai ake jera shi, tsini sama.
Ƙasa sai ta kwana bakwai da ciyawa,
a taka ta, a sake takawa, har ta daina gardama.
Makuba kuwa, ɓawon ɗorawa ne, ba sihiri ba.
Ban ce kada ku yi hanya ba.
Hanya in ta kauce taku tara, ba ta jin ciwo.
Amma in kun bar ginin, wa zai riƙa yaɓe shi?
Mu huɗu muka rage,
biyu kuma sun daina hawa tsani."

Aka yi shiru har muka ji sanyin ɗakin,
sanyin da muka zauna ciki tun azahar ba mu gode ba.
Habsu ta ce, "To, ruwana fa?"
Ya ce, "Ruwanki daga indararon nan ya fara."

Tsahara ta fita da igiyar awo, ta dawo gumi sharkaf.
Jan alƙalami ba ya gogewa,
sai ta zaro fensir, ta ja wani layi a gefe,
siriri, mai ɗan lanƙwasa.
"Zan kai musu. Ban yi alkawari ba."

Nomau ya tsaki, ya ce kuɗin yaɓe dai ba daga aljihunsa ba.
Arzika ya ce ba kuɗi ya roƙa ba, hannuwa.
Na buɗe sabon shafi.
Gado. Ɗan Jimma. Wani yaron kabu-kabu da ɗazu ya ce a rushe.
Balkisa, ɗiyar Habsu, ta ce a sa ta.
Alƙalamin ya tsaya a hannuna,
sannan ya rubuta sunan da ya fi sani.

Yau Asabar ta uku.
Littafin taro na kan katanga, dutse a bisansa,
ni kuwa ina cikin kwaɓi har ƙwauri.
Daga ofis ba mu ji komai ba tukuna.
Gabas ta fara haɗa baƙi.
Arzika ya damƙi ƙasar da na taka, ya murza, ya sunsuna,
ya ce, "Malamin takarda, ruwanka ya yi yawa.
Ƙaro ciyawa."