Barguna Ɗari Biyu

Ofishinmu na kan tudu a Valparaíso,
saman shagon mai gyaran takalma.
Ta taga, jiragen ruwa sun yi layi suna jira.
Ta ƙofa, waɗanda gobara ta cinye wa gidaje,
su ma jira.

Ni ke riƙe da littafin sito.
Barguna ɗari biyu, na ƙirga ranar da suka iso,
watan Yuni, sanyi ya fara cizo.
Don Rigoberto ya jefa makulli a aljihu:
"Ba rabo sai mai hoto ya zo daga Santiago.
Masu ba da kuɗi ba sa ganin abin da ba a ɗauka ba."

Duk Litinin akwai taro.
Ya ce mu nan uwa ɗaya uba ɗaya ne,
sannan ya karanto sunan wanda ya makara da minti huɗu.
Mu yi tafi. Har mai sunan ya yi tafi.
A bango an manna MUTUNCI da manyan baƙaƙe,
ƙarƙashinsa Ximena ke zama,
ita ce ta tambayi ina kuɗin mota ya shiga.
Sati bai zagayo ba teburinta ya koma bakin banɗaki.
Aka daina cin abinci da ita.
Ni ma na daina.
An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa,
mu har kai muka tsoma.

Albashi ya yi wata biyu a hanya.
"Wanda ya zo don kuɗi, ga ƙofa,"
in ji shi, yana goge sabon tabarau.
Saƙonsa kan shigo sha ɗaya na dare,
ka ƙi amsawa, da safe gaisuwarka ta faɗi ƙasa.
Maite ke kai masa hirarmu ta wajen kofi.
Mun sani, ta san mun sani,
muna yaba mata gyaran gashi.

Doña Herminia kan sauko duk Talata,
matakala ɗari da sittin, da gwiwa mai ƙara.
Tanti take kwana, a inda ɗakinta yake a da.
Na ba ta fom, ta cike. Na ba ta wani,
don an sauya launin tambarin ƙungiya.
Ta ce, "Yarinya, takarda ba ta rufe ƙafa,
amma na gode, tana hura wuta."

Sai na lura tagar sito ba ta kulluwa,
ni kuwa hannuna siriri.
Na zaro ɗaya mai ruwan toka,
na cusa ƙarƙashin albasa da burodi,
ƙirjina na dukan uku-uku har tashar bas.
Bayan kwana biyu, wani.
Na yi tara, ina rubutawa a bayan tikiti.

Mai hoto ya zo a Agusta da fitilunsa.
Aka buɗe sito, aka ce in ƙirga da ƙarfi.
Ɗari da talatin da ɗaya.
Na sake. Haka nan.
Tara ne nawa. Sittin ɗin fa?

Na ɗaga kai. Anselmo direba na duba farcensa.
Ximena na kallon jirage.
Maite, Maiten nan dai,
ta duƙa tana ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Don Rigoberto ya yi faɗa har murya ta dushe.
Ya ce 'yan sanda, ya tuna kuɗin mota, ya haɗiye.
Aka jera saura a gaba don hoto ya cika,
muka tsaya a baya, kafaɗa da kafaɗa.
Mai hoto ya ce bai taɓa ganin ma'aikata
masu saurin murmushi irinmu ba.

Har yau ba wanda ya ce da wani uffan.
Ran Laraba na ɗauki kwanona
na zauna a teburin bakin banɗaki.
Ximena ta matsa, ta turo mini gishiri.