Tasi'u Na Nawa?

Inna ta ce sau ɗaya jarida ta buga ubanmu.
Ba ta riƙe shekarar ba.
Ta dai ce tana goyon Yaya Barira,
kuma damina ce, don kwata ta cika har ta shigo zaure.

Da wannan guzurin na tafi.
Ɗakin ajiyar yana bayan laburare,
fanka ɗaya, tana juyi kamar an yi mata dole.
Malam Ɗayyabu ya turo mini ƙunshi shida ɗaure da igiyar rama,
ya ce, "Bi a hankali, 'yata, gara ta riga ki karatu."

Tasi'u na farko mai tsaron raga ne,
ya tare fanareti biyu a filin Sabon Gari.
Ga shi a sama, ƙafafunsa ba su taɓa ƙasa ba.
Ubana ko kwata zai tsallake sai ya yi bisimilla.

Na biyu alƙali ya ba wata shida
kan wani keke da ya yi ƙafa a Fagge.
Na rufe shafin da sauri
kamar ana leƙe ta kafaɗata,
sannan na sake buɗewa. Shekarunsa sha tara. Ba shi ba ne.
Na ji kunyar ajiyar zuciyar da na yi,
don shi ma wata ce ta haife shi.

Na uku cigiya ce.
Ɗan shekara bakwai, shuɗiyar riga, tabo a haɓa,
an aike shi sayen kananzir a Mandawari.
Na bi jaridun mako uku a jere,
ba wanda ya dawo ya ce an gan shi.

Akwai wanda ya gaji da sunan ya sauya,
wai takardun baya suna nan daram.
Akwai Alhaji Tasi'u mai fata,
shafi guda cur na barka da sauka daga Makka,
bayan wata huɗu, a wani lungu, gwanjon motarsa.
Wani kuma wasiƙa ya rubuto
kan famfon layinsu da ya shekara bai ɗiga ba.
Shi na so a ce ubana ne.

Tasi'u ai na tara ke nan,
ni kuwa na tara har sha ɗaya
kafin a kira la'asar.
Kano ba ta rowar suna.
Tsaya a Ƙofar Wambai ka kira shi sau ɗaya
ka ga wuya nawa zai juyo.

A ƙunshi na biyar,
ma'aikatan masaƙa a Bompai, sun yi cirko-cirko a ƙofa, sun ƙi shiga.
Mutum wajen talatin, tawada ta cinye fuskokinsu.
A ƙasa an rubuta: Malam Tasi'u da abokan aikinsa.
Shi ke nan.
Babu sunan uba, babu unguwa,
ba a ce na dama ko na hagu ba.

Na kusanto da shafin har warin tsufansa ya sa ni atishawa.
Can gefe, rabin hula, kunne ɗaya,
hannu a kan sirdin keke.
Kunnen kamar na ƙanena Nazifi.
To amma kunne nawa ne a garin nan?

Ba a fita da takarda, in ji Malam Ɗayyabu.
Na ɗauka a waya.

Da daddare Inna ta sa tabarau, ta matsa jikin fitila.
Ta daɗe.
Ta ɗora yatsa kan wani dogo a tsakiya, bakinsa buɗe,
ta ce, "Wannan Tasi'u Zaƙi ne, shi ke yi musu magana.
Su uku ne a sashensu.
Naku ba ya son hayaniya."

Na ce, to shi yana ina?

Ta ja hoton da yatsu biyu
har mutanen suka farfashe suka koma ɗige-ɗige.
Ta ce, "Yana nan dai a ciki.
Ranar da rigarsa sharkaf ya dawo."

Ta miƙo mini wayar,
ta tambaya ko na rufe kaji.