Bakin Tabarma

Wata uku ina bakin tabarma,
ƙafa ɗaya a ƙasa,
a majalisar Bappa Jauro, Jekadafari.
Sunana "wannan na Dukku".
In na buɗe baki, sai wani ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Na koyi shiru. Na haddace
wa ke shan shayi ba sukari,
gaban wa ba a zancen bashi.

Ran da aka kwantar da Hammadu Tela
ni na kwana kan bencin asibiti,
sauro ya ci rabonsa.
Ban gaya wa kowa ba.

Jiya ana gardamar farashin wake,
Bappa ya ɗaga hannu:
"Ku dakata. Giɗaɗo bai ce komai ba."
Aka muskuta.
Ashe tabarmar tana da faɗi.